Mai Rufe Dodanni

Shagon Auta shi ne na uku daga kwanar layinmu, tsakanin mai gyaran agogo da mai wanki da guga. Zare take sayarwa da maɓalli da zif da allura da robar wando. Teloli ne masu cinikinta, su kuma da safe suke zuwa, sai kuma da yamma idan wani abu ya yanke musu. Tsakanin nan shagon shiru yake, ba ka jin komai sai ƙarar fanka. A cikin wannan shirun ta yi shekara ashirin da biyu tana wani aiki da yawancin masu sayen maɓallinta ba su san da shi ba.

Auta ba sunanta na yanka ba ne. Ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, sunan ya bi ta har ta haura hamsin, har yaran layi suna ce mata Anti Auta. Kusan duk abin da ke nan daga bakinta na ji shi, a kan bencin ƙofar shagon, kaɗan-kaɗan. Ba ta da dogon zance. Takan fara labari sai mai saye ya shigo ta tashi, kuma ba lallai ne ta koma kansa ran nan ba.

Yayanta mai zane ne. Abin da yake ci da iyalinsa da shi rubuta allunan shaguna ne, amma 'yan kaɗan ɗin da suka san shi a wajen unguwa, da littattafan zane masu ban tsoro suka san shi. Ƙanana ne, shafi ashirin da huɗu, baƙi da fari, a naɗe biyu an ɗinke tsakiya da waya. Ba kamfani, ba mai duba masa. Shi ke ƙago labarin, shi ke zanawa, wani mai maɗaba'a a bayan tasha da suke kira Mai Inji ya buga ɗari uku ko huɗu, a raba wa masu jarida da shagunan littattafai biyu ko uku. A shekara yakan fitar da ɗaya, in ya samu sarari biyu.

Labaransa ba a daji suke faruwa ba, ba kuma a maƙabarta ba. A gidajen haya ne, da ofisoshi, da ɗakin jiran likita. Akwai na mutumin da kullum da safe yake tarar da takalmansa a ƙofar ɗaki a jiƙe, sun juya suna fuskantar ciki. Akwai na matar da ta ƙirga matakalar benensu ta samu goma sha huɗu, washegari ta samu goma sha biyar. Akwai na igiyar shanya da ake ganin wata riga a kanta wadda duk gidan ba mai ita, kuma kowane mako hannun rigar sai ya ƙara tsawo. Yakan ce mutum ba ya tsoron wurin da ba zai taɓa zuwa ba, ɗakin da zai koma ya kwanta shi ne abin ji. Yana kuma lissafa shafukansa yadda abin tsoron ba zai taɓa faɗowa a shafin da ido ya riga ya hango ba. Sai mai karatu ya sa hannu ya juya takardar da kansa.

Yakan yi zanen da fensir a kan takarda mai kauri, ninki biyu na girman littafin, sannan ya bi layukan da alƙalami. Wuraren da ke buƙatar baƙi ƙirin, inuwa da bayan ƙofa da ƙarƙashin gado, ba ya cike su. Ya ce wannan aikin masu haƙuri ne, shi kuwa ran da ake rabon haƙuri yana barci. Sai ya ja 'yan layuka biyu a gicciye a tsakiyar wurin, irin alamar da malami ke yi wa amsar da ba daidai ba, ya ɗauko shafukan ya kawo wa Auta. Duk inda ta ga alamar, ta rufe shi da tawada. Inda ya yi ɗan ƙaramin zagaye kuma, ta bar shi fari.

A bayan kanta akwai tebur ƙarami da ba a hango shi daga waje. Nan take shimfiɗa shafi, ta danne kusurwoyinsa huɗu da gwangwanayen maɓalli. Buroshinta biyu ne, siriri na bin gefe, da mai faɗi na cike tsakiya. Daga gefe take farawa, ta bi layin Yaya kamar mai dajiyar riga, ba ta shiga cikinsa ba ta bar tazara. Sau biyu take shafa tawada, don in sau ɗaya ne injin yakan fito da sawun buroshi. Akwai kwano da sabulu a ƙarƙashin teburin, tun ranar da wani tela ya dawo mata da farin zare yana nuna mata tambarin babban yatsanta a jiki.

A littafin farko da ta yi masa ne ta ga abin da ya ɗaure mata kai. Shafi na ƙarshe, Yaya ya zana abin da ke cikin labarin, cikakke, daga gashin kai har farcen ƙafa. Kowane tamojin fata yana nan, da jijiyoyin wuya, da yadda rigar ta rataye a kafaɗa. A tsakiyar ƙirjinsa kuma ga alamar nan. Zagaye biyu kawai ya yi, ɗaya a gaɓar yatsa, ɗaya a gefen kunne.

Ta ce, "Yaya, har da wannan?"

"Shi ne ma kan gaba."

"Kwana huɗu fa ka yi a kansa."

"Biyar."

"To wahalar me ka sha, tunda rufewa za a yi?"

"In ban zana shi ba, ta ina baƙin zai san inda zai tsaya? Ki zuba tawada haka kawai, tabo ne. Ki zuba ta a kan mutum, mai karatu zai ji akwai wani a ciki ko bai gan shi ba."

"Ko shi zai ji, ni ce dai zan yi ta mafarki."

"Ke da kike barci kamar an jefar da buhu?"

Ta rufe shi. Haka ta rufe na biyu, da na uku, da duk waɗanda suka biyo. Cikin masu karanta littattafan nan ba wanda ya taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikin dodannin. Matar Yaya ba ta leƙa teburinsa, ta ce tana da hawan jini. Mai Inji kuwa sai an gama ake kai masa. Auta kaɗai ce ta gan su, ita ma na awa biyu ko uku, kafin buroshi ya bi ta kansu. Na taɓa tambayarta yaya suke.

Ta ce, "Mutane ne dai. Mai rigar igiyar shanyar nan, da zai shigo nan sai ka tashi ka ba shi benci. Sai ka zauna kusa da shi tukuna za ka fara ƙirga gaɓoɓin hannunsa."

Rufewar nan ba ta taɓa yi mata daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba. Duk littafi sai sun yi wannan gardamar. Ita tana ganin mutanen gari sun ɗauki yayanta mai rubuta "Ana Sayar da Ƙanƙara" ne kawai, alhali mafi kyawun abin da hannunsa ya iya yana kwance ƙarƙashin tawadarta.

"Ka bar musu ko ɗaya mana, su san ka iya."

"So nake su san na iya, ko so nake su kasa zuwa banɗaki su kaɗai?"

"Duka biyun ba laifi ba ne."

"Auta, ki yi aikinki. Ki bar wa manya tunani."

"Manya masu zanen riga mai tsawon hannu."

Haka suka yi kusan shekara ashirin. A ciki mijinta ya rasu, yaranta biyu suka girma suka kama gabansu. Shagon ya sauya rufi sau biyu. Teburin bayan kanta bai motsa ba.

Abin ya faro ne daga wata taga. A gefen hagu na wani shafi, layin saman tagar da na gefenta ba su haɗu ba, akwai tazara kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Yaya ba ya irin wannan. Ta ce gajiya ce, ta ɗan faɗaɗa inuwar labule ta haɗiye wurin. Bayan shafi uku ta tarar da tebur mai ƙafa uku, ta zuba baƙi a ƙarƙashinsa har ba a neman ta huɗun. A littafi na gaba abin ya ƙaru. Ga hannu ba babban yatsa, ga ƙofa da mariƙinta ke shawagi a bango, ga alamar rufewa ta sauka a kuncin yarinyar da ya kamata fuskarta ta fito fes. Duk ta gyara. Inda ba alama ta ƙirƙiro inuwa, ta jawo ta daga kusurwa ta kwantar a kan kuskuren, ta yi mata gefe mai kyau kamar dama can haka aka tsara.

Littattafan suka yi ta ƙara duhu. Mai Inji ne ya fara magana, ranar da ta kai masa shafuka.

"Malama, wannan littafi ne ko gawayi? Kwana biyu takarda ba ta bushe ba wancan karon. Ku da yayanki kun ɗaura aniyar kashe mini inji."

"Injin da ya girme ni?"

"Shi ya sa ya kamata a tausaya masa."

Masu karatu kuwa suka ce ba a taɓa yin kamar waɗannan ba. Wasu suka aiko da wasiƙu ta hannun masu jarida, suna cewa yanzu ne mai zanen ya nuna, duhun kamar yana matso mutum. Yaya ya ji daɗi. Idan ta mayar masa da shafuka yakan kai su kusa da fuska ya duba, ya ga abin da ya yi niyyar zanawa, domin abin da bai yi niyya ba ta riga ta binne shi. Sau ɗaya ya ce, "Hannunki ya yi nauyi kwanan nan." Ta ce labarin ne ya nemi haka. Ya gyaɗa kai.

A gida matarsa tana cewa ya cika karo da bakin ƙofa, yana yi wa jikoki faɗa wai suna kawar da kujeru daga wurinsu. Ya sayi tabarau a wurin mai talla, ya ce ya warke. Auta ta ji duk wannan, kamar yadda kowa ya ji. Da na tambaye ta me ya sa ba ta haɗa wannan da wancan ba, sai da ta gama jera zare a kwali kafin ta amsa.

"Ni gyara na iya. Abu ya zo teburina a karkace, in miƙe shi. Kuma Yaya mutum ne da in ka ce masa layinsa ya kauce sai ya yi mako bai ci abinci da daɗi ba. Na ɗauka rufa masa asiri nake yi. Ban kawo cewa ba takardar ce ba ta da lafiya ba."

Littafi na ƙarshe labarin wani mai gadin ofis ne a ranar hutu. Ginin ba kowa, rana tsaka. Duk zagayen da ya yi ya dawo, sai ya tarar kujerar baƙi ta ƙara matsowa kusa da teburinsa. A shafi na ashirin da uku ya zauna ya ƙi ɗaga kai, yana jin ƙarar kujerar an zauna a kanta. Na ashirin da huɗu shi ne abin da ya gani da ya ɗaga.

Yaya ya kawo shafukan wata Talata bayan azahar, a cikin kwalin da ya saba. Ya zauna a bencin ciki, ya sa ta aika a kawo masa shayi, abin da ba ya yi. Tana ta buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya tana lura da wuraren da za ta gyara. Kafin ta kai na ƙarshe ya ɗora hannu a kai.

"Wannan ba ki da aiki a cikinsa."

"Kamar yaya?"

"Ba alama. Na bi shi da alƙalami da kaina, na gama. Haka zai fita."

"Yaya, lafiya?"

"Na cika sittin, Auta. Shekara nawa kina cin kunnena? To kin ci nasara. Sau ɗaya dai su gani. Kwana tara na yi a kansa, ban taɓa yin kamarsa ba."

Ya ɗauke hannun. Daga ƙasa zanen ya yi kyau ƙwarai. Ƙafafun kujerar, da takalman baƙon a jere, da hannayensa a kan gwiwa cikin ladabi kamar mai neman aiki, duk hannun Yaya ne na da. Daga ƙirji zuwa sama ne abin ya watse. Kafaɗar hagu babu ita, layin ya taso ya tsaya a iska. Bakin sau biyu aka zana shi, ɗaya a kan ɗaya, a ɗan goce. Ido ɗaya yana inda ya kamata. Ɗayan, wanda aka yi masa gashin ido ɗaya-ɗaya da ƙyallin haske a tsakiya, yana can a jikin bango, tsawon yatsa daga kan. Ba irin karkacewar da ake yi da gangan don a tsorata mutum ba ce. Kowa ya gani zai san mai zanen bai ga abin da yake yi ba.

Yana zaune yana jira, kofin shayi a hannu.

Ta ce, "Bar shi nan in duba shi da kyau."

Ya yi dariya. "Yau bakin Auta ya mutu. A rubuta ranar."

Kwana uku shafin yana teburinta. A ce ta rufe shi, ba zai yiwu ba, domin shafi guda baƙi ƙirin ko daga nesa zai gane. Ta gwada sake zana fuskar a kan takardar naɗe kaya, abin ya fito kamar dankali mai kunne, ta yayyaga. Shekarun nan duk bin layi ta yi, ba ta taɓa jan nata ba. In ta kai wa Mai Inji yadda yake, to mutum ɗari huɗu za su juya shafi su ga yayanta a haka, a karo ɗaya tak da ya yarda a gan shi.

A rana ta uku ta buɗe durowar da take ajiye littattafan da suka fito, tana neman dabarar da ta taɓa yi a wani wuri. Ta ɗauko uku na baya-bayan nan ta buɗe su a tsakiya, ta jera a kan kanta. A na farko baƙin da ta ƙara ɗan siriri ne a gefen hagu. A na biyu ya ci rubu'in shafi. A na uku ya kusa rabi, kuma ya fara leƙowa ta sama. Ta buɗe wasu shafukan, duk haka. Kamar labule ne ake jawowa daga gefe ɗaya a hankali, kuma da hannunta aka jawo shi. Ta ce ta daɗe a tsaye. Wani tela ya shigo neman zif, ta ba shi, ta manta ba ta tambaye shi tsawon ba.

Ta kulle shagon da rana tsaka, abin da maƙwabta suka ce ba su taɓa gani ba, ta ɗauki shafin ta tafi rumfar da Yaya ke aiki. Ta same shi a tsugune gaban allon wani mai aski. Haruffan sun taru sun cunkushe a dama, hagun allon fili.

"A'a, mutanen maɓalli. An yi gobara ne?"

"Yaya, wanke hannunka ka zo ka zauna."

Ya dube ta, ya wanke, ya zauna. Ta shimfiɗa shafin a kan gwiwarsa, ta kama yatsansa ta ɗora a kan idon da ke daidai.

"Mene ne wannan?"

"Ido ne mana. Wasa kika zo yi?"

Ta ja yatsan a hankali, ya fita daga fuskar, ya ƙetare layin kai, ya hau bango, ta tsayar da shi.

"Wannan fa?"

Ya juyo da kansa gaba ɗaya zuwa inda yatsan yake. Ya ɗaga takardar ya kai ta kusa. Ya mayar da kai kan fuskar, ya sake dawowa. Sau uku yana yin haka.

"Wa ya sa shi a nan?"

Ta kai yatsan kan bakin, ta nuna masa na sama da na ƙasa. Ta kai shi inda kafaɗa ta yanke. Ba ta rage komai ba, ta bi shafin kaf kamar yadda take bin gefe da siririn buroshi. Da ta gama ya zare hannunsa.

"Wannan ne kawai?"

"A'a."

"Tun yaushe?"

"Littafi uku. Wannan na huɗu."

"Ban gani ba."

"Na rufe."

"Akwai alama a wurin?"

"Babu."

"To wa ya sa ki?"

Bai jira ta ba, ya ci gaba.

"Shekara ashirin ba ki taɓa tsallake layina da ko gashi ɗaya ba. Ina bugun ƙirji da ke a gaban Mai Inji. Ashe wasiƙun nan da nake karanta wa matata, naki ne."

"Ba wasiƙu ne suka kawo ni ba, Yaya. Idonka ne. Mu je asibiti."

"Tafi ki buɗe shagonki, Auta. Teloli na jira."

Ta tafi ta bar masa shafin. Kwana goma sha ɗaya bai zo ba, bai aiko ba. Mai Inji ya turo a tambaya sau biyu, ta ce ba a gama ba. Littafin mai gadin bai fito ba, har yau kuma bai fito ba. Shafuka ashirin da uku suna cikin kwalinsu a ƙarƙashin teburinta, da alamominsu, ba ta taɓa su da tawada ba. Na ƙarshen ba ta san inda ya kai shi ba.

A rana ta goma sha biyu matar Yaya ta shigo ta ce a ba ta allura. Ta juya ta, ta duba ramin, ta ajiye.

"Yayanki ya ce in ce miki gobe ƙarfe bakwai, don Allah."

"Shi ya ce don Allah?"

"Ni na ƙara. Kin san halin gidanku."

Asibitin ido yana da dogon baranda da benci a jere. Suka yi awa uku suna jira, sau ɗaya ya tambaye ta ko ta kulle shagon da kyau. Aka ɗiga masa magani, aka auna, aka sa shi gaban wata na'ura aka ba shi maɓalli ya riƙa dannawa duk lokacin da ya ga haske ya ƙyalla. Auta tana tsaye a baya tana ganin hasken yana ƙyallawa ta hagu, yatsansa bai motsa ba.

Likitar ba ta kai shekarun 'yar da Auta ta fara haifa ba. Ta duba takardar da na'urar ta fitar, ta ce hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe, ba zafi, shi ya sa mutane ba sa lura.

"Baba, yaushe ka fara jin wani canji?"

"Kwanan nan ne."

Auta ta ce, "Shekara biyu da wata huɗu. Ta hagu ya fara, daga ƙasa. Bara ya hau sama."

Likitar ta ɗago. "Ke ce matarsa?"

"Ƙanwarsa ce."

"Ta yaya kika san wannan?"

Ta buɗe jaka ta fito da littattafan uku, ta jera su a kan teburin kamar yadda ta jera a kanta. Likitar ta dube su, ta dubi takardar na'urar, ta sake duban na ukun. Ba ta tambayi ko na mene ne ba. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Na hagun saura kaɗan. Na daman za a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya rage, da maganin ɗigawa safe da yamma, ba fashi, har iyakar rai.

Auta ta ce, "Da tun lokacin aka zo fa?"

Likitar ta ce, "Da an riƙe fiye da haka."

Yaya ya karɓi takardar magani ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Auta ta tattara littattafan.

Suka fito rana ta take. Maganin da aka ɗiga masa ya sa hasken yana damunsa, ya kare fuska da hannu. Tana tafe ta damansa, taku ɗaya a baya, yadda ta saba tun suna yara. A bakin titi ya tsaya, motoci suna wucewa. Ta jira ya tsallaka, bai tsallaka ba.

Ya ce, "Ba nan za ki tsaya ba. Nan ina gani. Koma ɗaya gefen."

Ta zagaya ta tsaya ta hagunsa.

"Abin da ke wurin ki riƙa faɗa mini. Duka. Kada ki zaɓa."

"To, Yaya."

"Ina jin ki."

"Akwai mai keke yana zuwa, da buhu a baya. Bar shi ya wuce. Akwai rami gabanka kaɗan, da ruwa a ciki. Kuma maɓallin rigarka na sama ba a raminsa yake ba, tun safe."

"Tun safe, sai yanzu?"

"Yanzu ka ce."

Ya gyara maɓallin a tsaye a wurin. Mai keken ya wuce, ta ce masa hanya ta buɗe, suka tsallaka.